Ledar Yajin da Mata Suka Kasa Zubarwa

Akwai wani abu da ya faru da ni da maigidana, Allah Ya jiƙansa, wanda ba zan manta da shi ba har ranar da za a ɗauke ni. Ni ban yi karatu ba. Ko allo ban riƙe ba, 'yan surorin da nake salla da su a bakin innata na ɗauka. Ɗiyata ce zaune gabana da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na riga na gaya mata idan ta ga na yi shiru ta jira ni. Shekara huɗu ke nan da rasuwar babanta, amma har yau ba na iya ba da labarinsa sai na share ido.

Sana'ata dakan yaji, ita ma wurin innata na gaje ta. Iri biyu nake yi. Akwai na yau da kullum, wanda ake barbaɗawa a tuwo ko shinkafa da wake, akwai kuma na jego, mai yawan citta da kimba da masoro da kanumfari, wanda ake kai wa macen da ta haihu. A Tudun Wada muke zaune, nan Gusau. Ranar da na fara daka, maƙwabta ta bayan katanga suke sani, sai ka ji ana atishawa ana cewa, "To, yau ma an soma." Ni ke daka, ni ke tankaɗe, in auna da ludayi in ƙulla a farar leda. Shi kuma ya ɗaure buhu a bayan mashin, ranar kasuwar Tsafe ya yi can, ranar ta Bungudu ya yi can, wani lokaci ya zarce har Rawayya. A lokacin hanya lafiya take, mutum ya fita da hantsi ya dawo da la'asar, ba wanda ke zaune da fargaba a gida. In daga Tsafe ya dawo ba ya shigowa hannu banza, ko rake, ko ɗan tsire a takarda. Da yajin nan muka ci muka sha, da shi muka aurar da 'ya'ya biyu.

Malam ake ce masa, don ya yi nisa a karatun allo, kuma Allah Ya ba shi hannu. Idan ya rubuta ajami, wato Hausa da baƙaƙen Larabci, sai mutum ya tsaya yana kallo ko bai iya karantawa ba. Har wasiƙa mutane ke kawowa ya rubuta musu.

Abu biyu suka dame mu a sana'ar. Da damina farar ledar nan ba ta hana danshi, yaji ya dunƙule ya zama curi. Sannan wasu suka fara haɗa nasu da garin masara da kala, su yi irin ƙullina su ce na Tudun Wada ne. Wata rana wani mai shago a Bungudu ya tare Malam ya ce yajinmu ya lalace. Da aka kwance aka ɗanɗana, ashe ba namu ba ne. Malam ya dawo ransa a ɓace, ya ce dole a yi wa kayanmu alama. Akwai wani sa da ya yi kusan shekara yana kiwo a bayan ɗaki. Shi ya sayar, ya sayi ƙaramin injin liƙe leda, sauran ya kai wa masu buga takardu a Sabon Gari.

Ina ganin ranar da ya shigo da ledojin kamar yanzu. Ya kwance damin a kan tabarma a tsakar gida. Koraye ne shar, suna sheƙi, a gaba ga farin rubutu layi uku, rubutun hannunsa, masu bugawa sun ɗauko shi yadda yake. Ya ce ajami ya zaɓa don mutanen ƙauye sun fi gane shi a kan boko. Ya ɗaga ɗaya yana nuna min da yatsa: nan sunan yajin, nan abin da ke ciki, nan Tudun Wada.

"Innar yara, kin ga aiki?"

Na ce, "Ma sha Allahu, ta yi kyau."

Ta kuwa yi kyau. Amma da ya miƙo min, ban san lokacin da na goge tafina a zane na karɓa da hannu biyu ba.

Mu yadda aka raine mu, duk takardar da ke ɗauke da irin wannan rubutu ba ta zama a ƙasa. In ka tsince ta a hanya sai ka ɗauka, ka kaɗe, ka soke a tsagar bango ko a rufin ɗaki. Ba a taka ta, ba a tsallake ta, ba a jefa ta a juji. Na ji da kunnena ya karanta min, barkono ne da citta, amma hannuna ya ƙi yarda. Duk ledar da inji ya ƙona ko ta yage wajen cikawa, sai in ninke ta in sa a wata tsohuwar kwalla da ke can saman jerena. Ban gaya masa ba. Gani nake jahilcina ne ni kaɗai, kuma ina jin kunyar mijina malami ya san matarsa na ɓoye ledar barkono kamar laya.

Mako biyun farko kaya suka tafi kamar ana rabawa kyauta. Masu shago har rataya ledar suke yi a gaba don ado. Da aka shiga wata na biyu, buhu ya fara dawowa da rabi. A na uku yana dawowa kusan yadda ya tafi. Malam ya bi masu shago ɗaya bayan ɗaya, Tsafe da Bungudu, yana tambaya. Kowa ya ce shi bai ga aibu ba, ledar ta fi ta kowa kyau. Ya tambayi magidanta a bakin masallaci, suka ce su dai daga cikin gida aka ce kada su ƙara sayo koriyar nan, su sayo na ƙulli, kuma ba su tsaya jin dalili ba. Wani ya ce masa ya nemi addu'a, ƙila baki ne. Duk wanda ya tambaya namiji ne. Ba na ɗora masa laifin duka, don namiji ba ya wuce zaure a gidan mutane, ita kuwa mai yaga ledar tana can ciki gaban murhu.

Wata rana da azahar ina tankaɗe, ya zo ya tsaya a kaina ya ɗan jima, sannan ya ce, "Ko dai kin rage citta?" Shekara talatin muna tare bai taɓa zargin hannuna ba. Na ajiye rariya na shiga ɗaki na yi kuka. Bayan kwana biyu ya ce min ya yanke shawara: in an gama kaka zai sayar da injin, ya bi masu ci-rani zuwa kudu ya nemi aikin gadi. Mutumin da gemunsa ya yi fari, gwiwa kuma ta fara damunsa. Na san in ya tafi, yaji ya mutu ke nan, don ni ba na zuwa kasuwa. Kuma zuciyata ta ba ni in ya tafi ba lalle ne ya dawo da ƙafarsa ba.

Ana haka ɗiyar ƙanwata ta haihu a Rawayya. Ranar suna Malam ya ɗauke ni a mashin tun da safe, aka raɗa suna da shi, ya wuce Bungudu da buhunsa, ya ce zai biyo min da la'asar. Na shiga da kwano cike da yajin jego a sabuwar leda, ina jin ni ma yau na kawo abin nunawa. Wadda ke kula da mai jegon wata tsohuwa ce, kakar mijinta, 'yar ƙarama, haƙori biyu ya rage mata, amma in ta yi magana gidan kan yi tsit. Ta buɗe kwanon, ta duba, ta sauke numfashi.

"Sannu da arziki, ɗiyata. Amma kin ƙaro mana aiki."

Na ce, "Wane aiki, Inna?"

"Taho ki gani."

Ta ja ni ɗakinta, ta sa na sauko mata da wata tukunyar ƙasa daga ragaya. Ta ɗaga faifan da ke rufe da ita. Cike take da korayen ledojinmu, an wanke su, an shanya, an ninke kowace gida huɗu. Ta ce, "Na gidan ga duka ne. Kowa ta gama da tata ta kawo min, wai ni ce babba, ni na san yadda za a yi da su. To ni ma ban sani ba."

Kafin in buɗe baki matan suna sun cika ƙofar ɗakin. Wata ta ce ita tata a rufin ɗaki take sokewa, har inda ruwa ke ɗiga ya toshe. Aka kwashe da dariya. Wata ta ce ta taɓa ganin akuya na taunar ɗaya a juji, ta bi ta da gudu har bayan rumbu ta ƙwato, kwana uku tana istigfari.

Sai wata mai baki ta nuna maƙwabciyarta ta ce, "Ita wagga wankewa ta yi za ta ba maigida ya sha, rubutun ya ƙi fita."

"Ƙarya take yi, wallahi! Ke dai Allah Ya shirye ki."

Wata matashiya da ta yi Islamiyya ta ce, "Ni fa na gaya musu ba aya ba ce, Hausa ce. Suka ce min yaushe aka haife ni."

Tsohuwar ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta ce, "Ɗiyata, yajinku ba shi da na biyu, kowa nan ta sani. Amma mutum ya sayi yaji ya haɗo da abin da zai hana shi barci? Na ƙulli, ka juye, ka jefa leda a wuta, ka huta. Shi ya sa muka koma can, ko da bai kai naku ba."

Zama na yi a ƙasa. Na ce musu, "Ni ma ina da kwalla guda." Dariyar da aka yi ranar, har mai jego sai da ta leƙo tana riƙe da ciki. Ni kuwa dariya nake yi hawaye na zuba.

Da la'asar aka ce Malam na zaure. Ina neman mayafi, sai na ga tsohuwar ta rungumi tukunyarta ta yi gaba. Na bi ta, sauran matan suka laɓe a bayan zana. Malam ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dire tukunyar a gabansa ta buɗe.

"Malam, ga amanarka. Mun gaji da tsaro."

Ya ɗauki ɗaya ya warware, ya duba ta, ya dube ni. Na yi masa bayani a taƙaice. Ya ce, "Haba Inna! Ai babu sunan Allah ko ɗaya a jikin ledar nan. Barkono ne da citta da sunan unguwa."

Ta ce, "Kai ka sani, Malam. Mu ba mu sani ba. Baƙin da ka rubuta barkono da shi, irinsa nake gani a allon jikokina. Ni zan bambance? Kuma in ka wuce a mashin ɗinka, kai ke share gidan ko mu?"

Na zaci zai yi musu, don Malam akwai son gyara magana. Sai ya shiga juya ledar a hannu. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Can ya ce, "To Inna, ku yaya kuke son a yi ta?"

Tsohuwar ta juya wajen zana ta ce, "Kun ji? Sai yau aka tambaye mu."

Da muka iso gida ana kiran magariba, ya yi salla ya dawo, na hau kujera na sauko da kwallata na ajiye a gabansa. Ya buɗe. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce, "Har ke?" Na ce har ni. Ya ce, "Na je Tsafe, na je Bungudu, na tambayi mutum ya fi hamsin, ashe amsar na saman jerenki." Na ce kunya ce ta hana ni. Ya ce, "Ba kunyarki ba ce, ni ne ban tambaya ba. Nuna miki na yi, ban tambaye ki ba. Ki yafe min maganar citta." Ɗiyata, dakata kaɗan a nan.

Mako na zagayowa muka koma Rawayya. Malam ya yanka kwali da ledoji iri-iri, manya da ƙanana, ya zana musu alamu daban-daban. Na shiga da su a faifai, aka baje tabarmi a gidan tsohuwar, mata suka taru har daga maƙwabta. Shi yana zaune a bayan zana da takarda da biro yana saurare. Tsohuwar ta raba wa kowa ƙwayar gyaɗa, ta ce wadda ta yi maka ka ɗora a kanta. Aka yi ta gardama. Wasu na son hoton barkono, wata ta ce a'a, mai ciwon ciki na gani zai gudu, a sa turmi, kowa ya san dakan hannu ne. Gyaɗa ta taru a kan turmi. Suka ce gaban ledar ya zama fari a ga abin da ke ciki, don su da ido suke gane yaji, launinsa da laushinsa. Na yau da kullum a yi masa jan layi, na jego kore. Suka ce babbar leda in an buɗe ƙamshi na guduwa, a yi ƙanana. Na jego kuwa a zuba ƙanana da yawa a cikin babba ɗaya, tunda al'ada mai jego na raba wa 'yan barka, ba sai an zauna ana ƙulle-ƙulle ba. Wannan ko ni da nake dakan bai taɓa zo min a rai ba.

Tsohuwar ta ɗaga murya ta ce, "Malam, kana ji?"

"Ina ji, Inna."

"A yi mata 'yar tsaga a gefe. Injin nan naka na liƙewa kamar da gaba. Ni da haƙori biyu, ka so in ƙarasa su a ledarka?"

Daga bayan zana muka ji shi yana dariya yana cewa an rubuta. Na yi wata uku ban ji wannan dariyar ba.

A Tsafe ma haka muka yi, a gidan wata mai sayar da abinci a tasha. Su kuma ba ruwansu da ƙananan ledoji, roba mai murfi suke so wadda za su ajiye a kan tebur, direba ya barbaɗa da kansa. Malam ya rubuta wannan ma. Sunan yaji da unguwa aka mayar da shi boko, ƙanana, a bayan leda, don matan sun ce shi wannan ba ya ɗaga musu hankali.

Tumakina biyu na sayar aka yi sabon bugu, kaɗan aka fara yi. Da aka kawo samfuri, Malam bai yarda an ci gaba ba sai da na kai Rawayya. Gara da na kai. Suna gani suka fashe da dariya, wai wannan ai ganga ce ba turmi ba, ko yajin makaɗa ne? Aka mayar, aka ƙara taɓarya a tsaye a ciki, sannan suka ce yanzu ya yi.

Tsofaffin ledojin kuwa, Malam ya sa aka yi cigiya gida-gida, duk mai ajiya ta kawo. Buhu guda muka tara, har da na kwallata da waɗanda ba a taɓa cikawa ba. Ya kai su bayan gari wuri mai tsabta ya ƙone, ya tona rami ya binne tokar. Na ce masa, "Ai kai ka ce babu komai a jiki." Ya ce, "Babu. Amma sun tsare min su wata uku da zuciya ɗaya, ba zan watsar a juji suna ji ba." Rubutunsa ne mafi kyau da na taɓa gani, kuma da hannunsa ya sa masa wuta.

Kaka ta zo ta wuce, Malam bai tafi kudu ba. Kafin azumi buhu ya koma dawowa wayam, har sai da na ɗauki mata biyu suna taya ni daka. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara yi a gidan nan, a ɗakinsa ya yi jinyarsa, ina riƙe da hannunsa ya cika. Da ya tafi wancan ci-ranin, ban san inda za a binne min shi ba. Kuma tun daga ranar Rawayya, ko zaren ɗaure buhu zai canza sai ya ce, "Innar yara, shiga ki jiyo mana."

Tsohuwar nan ta riga shi rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Ni ma yanzu hannu ya ƙi taɓarya, mai rubutun nan ce ke riƙe da sana'ar, ita kuma ta waya take tambayar masu saye, tunda hanyoyin ba su biyuwa kamar da.

Abin da na koya shi ne, duk abin da za ka yi don mutane, kada ka tsaya ga wanda ya yaba a bakin shago. Ka nemi wadda za ta buɗe shi da hannunta, ta yi amfani da shi, ta share bayansa, ka tambaye ta tun kafin ka yi, don gyara bayan an gama yana da tsada. Na kuma koyi wani abu a kaina. Na kusa rasa mijina da ransa saboda na raina abin da na sani, don kawai ban iya karatu ba. In an yi abu a gabanka zuciyarka ta ƙi, ka faɗa, ko da za a yi maka dariya. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa Malam addu'a. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sada mu a inda ba a rabuwa.